Tambayoyi da Amsoshi Kan Raba Bariyabul Tsakanin Kasuwanni a Manhajar Cacar Wasanni Mai Sarrafa Kanta

Waɗannan tambayoyi sun fi fitowa daga ɗaliban ilimin kwamfuta na Samaru da kuma matasan Zariya masu karɓar aikin rubuta manhaja daga ƙasashen waje ta intanet. Mun yi lissafin misalan da naira don sauƙin fahimta, ko da yake kasuwannin da ake magana a kansu da fam ko yuro suke aiki.

Me ake kira kasuwa a nan, kuma mene ne bariyabul?

A dandalin musaya irin Betfair, wanda ya fara aiki a Ingila a shekarar 2000, mutane ne ke cinikin sakamakon wasa a junansu, kamfani kuma ya cire kwamishonsa daga ribar wanda ya ci. Wasa guda ana yayyanka shi gida-gida: wa zai ci, ƙwallaye za su haura biyu da rabi (wato uku ko fiye) ko ba za su kai ba, da nawa da nawa za a tashi, wa ke gaba kafin hutun rabin lokaci. Kowane gida shi ne kasuwa, yana da lambarsa mai farawa da 1 da ɗigo, da farashinsa (lambar da ake ninka kuɗin da aka zuba da ita in an ci), da lokacin buɗewa da rufewarsa. A cikin kasuwa akwai zaɓuɓɓuka, kuma kowane zaɓi ana iya zuba masa kuɗin goyon baya, wato zai faru, ko kuɗin adawa, wato ba zai faru ba.

Bariyabul kuwa wani gurbi ne mai suna da manhaja ke ajiye ƙima a ciki ta dawo ta duba: jimillar asarar yau, ƙwallayen da aka ci, farashin da aka gani minti biyar kafin take wasa. Galibin manhajojin nan masu zuba kuɗin caca da kansu suna kallon kowace kasuwa ita kaɗai, kamar yaron shagon da bai san abin da ake sayarwa a rumfar maƙwabta ba. Raba bariyabul shi ne ka sa abin da wata kasuwa ta rubuta, wata ta iya karantawa.

Wane amfani rabawar ke da shi?

Ɗauki ɗan kasuwa mai rumfa uku a kasuwar Sabon Gari, kowace da yaronta. Ya ce kada bashin da za a bayar a rana ya wuce ₦20,000. Idan kowane yaro da nasa littafin, da yamma zai tarar an ba da ₦60,000, kuma babu wanda ya saɓa umarni. Haka manhaja take. Iyakar kuɗin da za a sa cikin haɗari, da umarnin tsayawa idan asara ta kai wani adadi, ba su da ma'ana sai dukkan kasuwanni suna duba littafi ɗaya.

Amfani na biyu shi ne labarin da wata kasuwa ta fi wata saurin bayyanawa. Wasu kan karanta farashin kasuwar sakamakon ƙarshe don gane cewa an zura ƙwallo, sannan su yanke shawara a kasuwar yawan ƙwallaye. Na uku kuma, kasuwannin wasa ɗaya a ɗaure suke da juna. Wanda ya zuba ₦2,000 cewa ƙwallaye ba za su kai biyu da rabi ba, ₦2,000 cewa ba za su kai ɗaya da rabi ba, da ₦1,000 cewa za a tashi babu ci, yana ganin ya rarraba kuɗinsa wuri uku. Alhali ƙwallaye uku kacal za su kwashe ₦5,000 ɗin gaba ɗaya. Sai an tara haɗarin a matakin wasa sannan ake ganin haka.

A wane mataki ya kamata bariyabul ta zauna?

Matakai huɗu ne: na zaɓi, na kasuwa, na wasa, da na manhaja baki ɗaya. Manhajojin da ake saye kamar Bet Angel da MarketFeeder Pro suna ba ka damar zaɓar inda ƙima za ta zauna, sai dai sunayen da suke ba matakan sun bambanta. Mai rubuta tasa da yaren kwamfuta na Python kuwa shi zai gina matakan da hannunsa.

Ƙa'idar da muke bi ita ce ka ajiye kowace ƙima a mataki mafi ƙanƙanta da zai wadatar. Farashin da ka shiga da shi na zaɓi ne. Alamar cewa an riga an zuba kuɗi sau ɗaya ta kasuwa ce. Yawan ƙwallaye da jan kati na wasa ne. Jimillar asara da makunnin tsayar da komai su kaɗai suka cancanci matakin sama. Sababbin shiga sukan ɗora komai a sama saboda ya fi sauƙin rubutawa, kuma abin yakan yi aiki lafiya lau muddin wasa ɗaya ake bi. Ranar Asabar da wasanni da yawa suka tashi lokaci guda, sai ƙwallon da aka ci a wani fili ta sa manhaja ta fice daga cinikin wani filin da ko kusurwa ba a buga ba.

Na sa wa kowace ƙima lambar zaɓi a matsayin suna, amma suna ta taka juna. Me ya faru?

Lambar zaɓi ba ta keɓanta da wasa ɗaya ba. A Betfair, zaɓin kunnen doki a kasuwar wa zai ci yana ɗauke da lamba 58805 a wasannin ƙwallon ƙafa daban-daban, haka ma ƙungiya takan riƙe lambarta daga wannan wasa zuwa na gaba. Idan sunan gurbinka 58805 ne kawai, duk wasannin ranar a gurbi ɗaya suke rubutu, na ƙarshe ya shafe na farko.

Gyaran shi ne ka haɗa lambobi: lambar kasuwa, sai lambar zaɓi, sai sunan abin da ake ajiyewa. Ƙimar matakin wasa kuma ka sa mata lambar wasa, wadda dukkan kasuwannin wasan ke tarayya a kanta. Kada ka yi amfani da sunan ƙungiya. Wani tushen bayanai zai rubuta Man Utd, wani Manchester United, ga kuma ƙungiyar mata da ta matasa masu suna kusan iri ɗaya da ke iya buga wasa a rana guda.

Na sa iyakar ₦20,000, manhaja ta wuce ta, kuma lissafinta na nuna ba ta wuce ba. Ta yaya?

Wannan shi ne rige-rige, kuma a nan gizo ke saƙar. A ce kuɗin da ke cikin haɗari ₦17,000 ne. Kasuwa ta farko ta karanta 17,000, ta ga in ta ƙara 2,500 zai zama 19,500, bai kai iyaka ba. Kafin ta rubuta sabon adadin, kasuwa ta biyu ita ma ta karanta 17,000, ta yi lissafi iri ɗaya. Duka biyun suka aika zubinsu, duka biyun suka rubuta 19,500. Kuɗin da ke waje ₦22,000 ne, littafi na cewa ₦19,500. Tazarar da ke tsakanin karatu da rubutu ba ta kai ƙiftawar ido ba, shi ya sa kuskuren ba ya fitowa a gwajin da kake yi da wasa ɗaya a ɗakinka, sai ranar cunkoso.

Hanyoyi uku ake bi. Ta farko ita ce kwaɗo: duk kasuwar da za ta taɓa ƙimar sai ta kulle, ta karanta, ta duba iyaka, ta rubuta, sannan ta buɗe. A Python akwai threading.Lock don wannan. Kada wani ya ruɗe ka cewa Python ba ya gudanar da zare biyu, wato sassan aiki biyu na manhaja, lokaci guda don haka babu matsala. Ƙara lamba a kan bariyabul matakai ne da yawa a ciki, kuma ana iya katse ka a tsakiyarsu. Ta biyu ita ce ka miƙa lissafin ga rumbun bayanai da ke yin ƙarin a bugu ɗaya, kamar umarnin INCRBY na Redis: ka ƙara tukuna, ka duba adadin da ya dawo, in ya wuce iyaka ka rage ka fasa. Ta uku, wadda muka fi so, ita ce a naɗa ma'aji ɗaya. Kasuwanni ba sa taɓa littafin kuɗi ko kaɗan, sai dai su jera buƙatunsu a layi, wani sashe guda na manhaja ya riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya yana amincewa ko ƙi. Ya ɗan fi jinkiri, amma in an sami saɓani ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Abu biyu da ake mantawa. Ka kama kuɗin a littafi kafin ka aika zubi, ba bayan amsa ta dawo ba, sannan ka sake shi in an ƙi karɓa. Kuma kada ka riƙe kwaɗo kana jiran amsa daga intanet, domin in layi ya yi nauyi dukkan kasuwanni za su tsaya cak a bayan guda ɗaya.

Wane adadi zan rubuta a matsayin haɗari?

A zubin goyon baya, kuɗin da ka zuba. A zubin adawa kuwa, kuɗin sau farashi bayan an cire ɗaya: ₦1,000 a farashin 4.5 haɗarinsa ₦3,500 ne. Wanda ya tara dubu-dubu kawai a bariyabul ɗinsa yana yaudarar kansa. Ka kuma bambanta abin da ka nema da abin da aka karɓa, domin a musaya ana iya karɓar ₦400 daga ₦1,000, sauran ya zauna jiran mai saye. Wanda ke jira ma haɗari ne har sai an soke shi.

Game da yadda za a ajiye: da kobo, a lamba marar ɗigo. Kwamfuta na lissafa 0.1 da 0.2 ta ba ka 0.30000000000000004, kuma irin wannan ɓurɓushi ya isa ya sa sharaɗin daidai da iyaka ya ƙi cika.

Kasuwa ta karanta ƙimar da wata ta rubuta, amma ƙimar ta tsufa. Yaya zan gane?

Kada a ajiye ƙima tsirara. Kowace ta tafi da lokacin da aka rubuta ta da kuma lambar kasuwar da ta rubuta. Mai karatu ya fara duba shekarunta: a cikin wasa, farashin da ya wuce daƙiƙa biyu ko uku tarihi ne. In ta tsufa, manhaja ta zauna shiru, kada ta yi aiki da ita.

Dalilin tsananin shi ne yadda kasuwanni ke yi idan an ci ƙwallo. Ana dakatar da su, sannan a sake buɗewa, kuma ba lallai su buɗe a daƙiƙa ɗaya ba. Idan kasuwar yawan ƙwallaye ta riga buɗewa, ta leƙa farashin kasuwar wa zai ci, farashin kafin ƙwallo za ta gani. Ga kuma jinkirin daƙiƙoƙi da dandalin ke ɗora wa duk zubin da aka aika ana tsakiyar wasa, wanda yake sanarwa a gurbin betDelay. Don haka ka raba halin kasuwa tare da farashinta, a buɗe take ko a dakace.

Wata masifar ita ce alƙalin bidiyo, wanda gasar Firimiya ta fara amfani da shi a kakar 2019/20. Kowa a gidan kallo ya san yadda ake: an yi ihu, an zubar da shayi, bayan minti biyu a soke ƙwallon. Manhajar da aka rubuta bisa zaton cewa adadin ƙwallaye hawa kawai yake yi za ta ci gaba da ɗaukar ɗaya da nema alhali babu ci. Bari bariyabul ɗin ta iya sauka, kuma kada sauran kasuwanni su ɗauki sabon adadi tabbas sai kasuwa ta sake buɗewa ta zauna a farashin da ya dace da shi.

Bambanta babu ƙima da sifili shi ma wajibi ne. Gurbin da ba a taɓa rubutu a ciki ba kada ya dawo da 0, domin manhaja za ta fassara shi da babu asara ko babu ƙwallo.

In aka ɗauke wuta ko data ta ƙare fa?

In wuta ta ɗauke kwamfuta ta mutu, duk abin da ke ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta ya tafi, amma kuɗin da aka zuba yana nan a dandali. Manhaja ta tashi tana ganin asarar yau sifili ce, alamar an riga an zuba kuma babu ita, sai ta sake zubawa. Kafin janareto ya kama ko inbata ta karɓa, sakan ashirin sun isa a yi wannan ɓarna.

Matakan kariya a jere suke. Ƙimomin da suka shafi kuɗi a rubuta su a faifai duk lokacin da suka canza. Ƙaramin rumbun bayanai na SQLite ya isa, fayil ɗaya ne kuma ba ya buƙatar saba, wato kwamfuta ta musamman da ke aiki dare da rana. Idan manhaja ta tashi, kada ta aika komai tukuna. Ta fara tambayar dandali jerin zubin da ke buɗe da waɗanda aka riga aka biya, ta gwada da abin da ke faifai. In sun saɓa, maganar dandali ce gaskiya, domin kuɗin a can yake. Sai an daidaita sannan a sake ta.

Akwai kuma halin da ka aika zubi, layi ya yanke kafin amsa ta iso. Ba ka sani ba ko ya shiga. Kada ka sake aikawa a makance. Betfair na da gurbin customerRef inda kake sa wa kowane umarni shaida ta musamman don a yi watsi da maimaici, amma kariyar ta ɗan gajeren lokaci ce, kimanin minti ɗaya. Bayan haka sai tambaya.

Gaskiyar magana, kwamfutar cinya a ɗakin haya a Samaru ko Kongo wurin rubutu da gwaji ce. Masu wannan aiki kan kama hayar saba a Dablin ko Landan, inda wuta ba ta ƙiftawa kuma saƙo ya fi saurin isa.

Yaushe zan mayar da lissafin rana zuwa sifili?

Sha biyun dare na wa? Najeriya na gaban agogon duniya na UTC da awa ɗaya duk shekara. Ingila kuwa tana sauya agogo: daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba lokacinsu ɗaya da namu, sauran watanni muna gabansu da awa guda. Shi ya sa wasan ƙarfe uku na Asabar ake kallonsa ƙarfe uku a Zariya a watan Satumba, amma ƙarfe huɗu a Disamba. Ajiye kowane lokaci da UTC, ka juya shi zuwa namu a allon nuni kawai.

Sannan wasannin Brazil da Ajantina sukan ratsa tsakar darenmu. In ka share lissafi ana cikin wasa, haɗarin da ke buɗe ya ɓace daga littafi. Abin da ake sharewa shi ne ribar da asarar da aka riga aka biya. Haɗarin da ke buɗe ba ya bin kalanda, sai kasuwarsa ta rufe.

Ina son kasuwa ta gaba ta ninka zubi don maido da asarar ta baya. Yaya zan raba wannan?

Wannan ce tambayar da ta fi yawa, kuma amsarmu ba za ta yi wa mai ita daɗi ba. Ta fuskar rubutu, matsalar ita ce tsarin yana buƙatar sakamakon kasuwar baya kafin a shiga ta gaba, amma biyan kuɗi yakan zo bayan an tashi wasa, wani lokaci da jinkiri. Idan wasanni biyar suka fara tare, duka biyar za su karanta asara ɗaya, kowanne ya yi ƙoƙarin maido da ita shi kaɗai. Dole sai an sa alamar jira da za ta hana sabon zubi har a biya na baya, wanda ke nufin barin yawancin wasannin ranar su wuce.

Ta fuskar lissafi kuwa, ko an rubuta shi ba kuskure, ramin yana nan. Fara da ₦500 a farashin 2.0 kana ninkawa. Faɗuwa goma a jere ta cinye ₦511,500, zubi na sha ɗaya kuma ₦512,000 ne, duk don a wayi gari da ribar ₦500 kafin a cire kwamisho. Ko da damar ci rabi da rabi ce, faɗuwa goma a jere na zuwa sau ɗaya cikin 1,024, kuma manhajar da ke shiga kasuwanni da dama kullum ba za ta daɗe ba ta ci karo da ita. Raba bariyabul ba ya ƙara wa dabara riba ko ta sisin kwabo. Idan mai ba ka kwangila ya nace, ka rubuta masa wannan lissafin a saƙo, kuma ka sa iyakar matakai da ba a iya cirewa daga allon saiti.

Zan iya haɗa irin wannan da kamfanonin caca na nan gida? Ina matsayin doka da addini?

Galibin kamfanonin da ake gani da shaguna a gari ba musaya ba ne. Su ke sa farashi, su kake karawa da su, kuma ba su buɗe ƙofar da manhajar waje za ta aika zubi ba. Masu sa manhaja ta riƙa danna shafinsu kamar mutum suna jefa kansu cikin haɗarin rufe asusu tare da kuɗin ciki. Karanta sharuɗɗan kowane dandali, har da jerin ƙasashen da yake karɓa, kafin ka rubuta layi ɗaya.

A watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar caca ta tarayya ta 2005 ba ta hau kan jihohi ba, kula da harkar na hannun kowace jiha, don haka abin da aka yarda da shi a Legas ba hujja ba ce a Kaduna. Ta fuskar Musulunci kuma ba a ɓoye take ba: aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa caca da giya cikin abin da aka ce a nisanta, kuma sa kwamfuta ta danna maimakon yatsa bai sauya sunan abin ba. Hukuncin karɓar ladan rubuta manhajar tambaya ce ta malamai, Zariya kuwa ba ta rasa su ba. Ilimin kansa, kwaɗo da layin jira da daidaita littafi bayan yankewar layi, shi ne dai ake amfani da shi a manhajar masu POS, ta kantin magani mai rassa, da ta sayar da tikitin mota.

Yaya zan gwada ba tare da kuɗi ba, kuma yaushe ake share tsofaffin ƙimomi?

Yi rikodin bayanan wata rana mai cunkoso, ka sake kunna wa manhajar su a yanayin gwaji, kasuwanni talatin ko fiye a tare. Gwajin kasuwa ɗaya ba ya tona rige-rige. Sa jinkirin ganganci na rabin daƙiƙa tsakanin karatu da rubutu. In akwai ɓaraka nan take za ta fito. Kashe manhajar da ƙarfi ana tsakiyar aiki, ka tayar da ita, ka ga ko lissafinta ya dawo daidai. Duk canjin bariyabul da aka raba a rubuta shi layi guda a rajista: lokaci, suna, tsohuwar ƙima, sabuwa, da kasuwar da ta canza.

Sharewa kuwa, ƙimar kasuwa ta tafi bayan an rufe ta an biya, ta wasa kuma sai kasuwarsa ta ƙarshe ta rufe, ba ta farko ba. Kasuwar rabin lokaci takan rufe ana saura minti arba'in da biyar, kuma in ita ce ta ja ƙimomin wasan suka tafi, sauran kasuwanni za su ƙarasa a makance. A Redis ana iya sa wa gurbi wa'adi da umarnin EXPIRE. Awa 24 bayan take wasa ya wadatar ga ƙwallon ƙafa, amma wasan kurket na gwaji yana kai kwana biyar, tanis ma ruwan sama kan tura shi washegari, don haka wa'adin ya bi irin wasan.